Taswira a manhaja: saka ta ba wuya, riƙon ta ne aiki

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata buƙata da ta zama ruwan dare a wajen masu ba da aikin gina manhajojin intanet, wato a saka musu taswira mai motsi, irin wadda mutum zai sa yatsa ya ja ta gabas ko yamma, ya zuƙo unguwa kusa, ya taɓa alama bayani ya fito. Gina manhaja ita ce sana'ata, kuma a 'yan shekarun nan da wuya a kawo mini aiki, na ƙungiya ne ko na ɗan kasuwa, ba a ƙare da cewa a sa musu taswira irin ta Google ba. Ba ni da ja a kan buƙatar, domin taswira tana nuna abin da dogon rubutu ba ya iya nunawa. Damuwata ita ce yawancin masu ba da aikin, har da wasu abokan sana'ata, sun ɗauka da zarar taswira ta bayyana a fuskar waya an gama, alhali kuwa a nan ne aikin yake farawa.

Bari in fara da yadda abin yake aiki, don mai karatu ya san abin da yake biya wa kuɗi. Taswirar da muke gani a waya ba hoto ɗaya ba ce. Ƙananan hotuna ne masu kusurwa huɗu, galibi fiksil (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto a fuskar waya) 256 a tsaye 256 a kwance, da ake jerawa kamar yadda magini ke jera tayil a daɓen ɗaki. A matakin farko, wanda ake ƙirga shi a matsayin mataki na sifiri, duniya gaba ɗaya tana cikin tayil ɗaya. Idan aka zuƙo sau ɗaya sai ta kasu huɗu, a mataki na gaba 16, haka kowane mataki yake ninka na bayansa sau huɗu, har a kai mataki na 18 inda ake iya bambance gida da gida, wanda a nan duniya ta kasu tayil sama da biliyan 68. Babu wayar da za ta ɗauki wannan, saboda haka manhajar tana roƙo ne daga uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye su a intanet, iya tayil ɗin da suka cika fuskar wayar a wannan lokacin, in an ja taswirar gefe ta roƙo wasu. A kan wannan shimfiɗa ne maginin manhaja yake ɗora nasa bayanan, alamomin shaguna ne ko iyakokin mazaɓu ko layin hanya. Ke nan abubuwa uku ne a haɗe: kundin umarnin da ke sa taswira ta motsa, tayil ɗin da ke zuwa daga wani wuri, da bayanan mai aikin. Na farkon kyauta ne kuma ba shi da wahala. Na biyu da na uku su ne ke cin kuɗi da mutunci.

Kundin da na fi amfani da shi sunansa Leaflet, wanda wani matashi ɗan ƙasar Yukren mai suna Volodymyr Agafonkin ya rubuta, aka fitar da shi a 2011. Nauyinsa bai fi kilobait 40 da 'yan kai ba idan an matse shi, kuma da layukan umarni da ba su kai goma ba mutum zai ga taswira a shafinsa: a ware mata gurbi, a faɗa mata tsakiyar inda za ta buɗe da matakin zuƙowa, a nuna mata inda za ta ɗebo tayil. Akwai OpenLayers da ya girme shi, tun 2006, mai ɗauke da kayan aiki masu yawa ga waɗanda ke harkar safiyo da makamantansu. Kuskuren da kusan kowane sabon hannu yake yi, ni ma na yi shi, shi ne mantawa da ba gurbin taswirar tsayi. Na taɓa kwana ina bin umarnina layi-layi, ban ga kuskure ko ɗaya ba, shafin kuma fari fat, ashe taswirar tana nan, tsayinta ne sifiri. Irin wannan matsala takan ba da haushi, amma da safiya ta waye an warware ta, kuma ba ta cutar da kowa.

Batun tayil shi ne wurin da ya kamata mai ba da aiki ya buɗe ido tun kafin ya sa hannu a yarjejeniya. Google ya buɗe taswirarsa ga masu gina shafuka tun 2005, kuma shekaru da dama ana amfani da ita kusan kyauta, har sau 25,000 a rana ba a biya ko sisi. A watan Yulin 2018 kamfanin ya sauya tsari: dole kowa ya yi rajistar katin biyan kuɗi, kuma a wancan lokacin abin da ake samu kyauta ya koma buɗe taswira kimanin sau 28,000 a wata, bayan nan dala bakwai a kan kowane buɗewa dubu. Shafuka da yawa a duniya sun wayi gari taswirarsu ta dishe, an rubuta a kanta cewa ta gwaji ce kawai. Kamfani yana da ikon sa wa hajarsa farashi, ba wannan nake ƙorafi a kai ba. Abin lura shi ne kuɗin da dala ake biyan sa, kuma duk wanda ke Nijeriya ya san abin da ya sami naira daga tsakiyar 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a 2024. Ƙungiyar da ta yi kasafinta da naira ba ta san da wannan ɗawainiya ba, maginin manhajar kuma ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa, ita ce za ta ga taswirarta ta mutu ba ta san dalili ba.

Bayan Google, mafita ta biyu ita ce OpenStreetMap, taswirar duniya da jama'a ke zanawa da hannunsu, wadda Steve Coast ya fara a Birtaniya a 2004. Bayananta kyauta ne ga kowa, bisa sharaɗin a rubuta a jikin taswirar cewa daga masu ba da gudummawarta aka samo su, kuma ina kira ga abokan sana'ata da su daina goge wannan ɗan rubutu don wai yana ɓata kyan shafi, domin sharaɗin lasisi ne, kuma haƙƙin mutanen da suka yi wahalar ne. Sai dai a bambance tsakanin bayanan da kuma uwar garken da ke raba tayil. Uwar garken tasu da gudummawa ake tafiyar da ita, kuma ƙa'idarsu ta fito fili cewa ba a yarda manhaja mai ɗimbin masu amfani ta jingina da ita ba, suna iya toshe ta ba tare da sanarwa ba. Wanda aikinsa ya girma, ko dai ya yi haya a wajen kamfanonin da ke sayar da tayil da aka yi da waɗannan bayanai, ko ya ajiye nasa a uwar garkensa. Na biyun ba shi da tsadar da ake zato idan jiha ɗaya ko birni ɗaya ake buƙata, domin mai sayar da kaya a Kano da kewaye ba shi da abin yi da titunan Tokyo. Wani darasin kuma ya zo a Disambar 2020, lokacin da kamfanin Mapbox, ɗaya daga cikin masu sayar da tayil, ya sauya lasisin kundinsa ya daina zama na kowa da kowa, sai masu amfani da shi suka ɗauki sigar ƙarshe da ke buɗe suka ci gaba da raya ta da sunan MapLibre. Duk wanda zai gina abin da ake so ya yi shekara goma, ya tambayi kansa abin da zai yi ranar da mai tayil ya sauya ra'ayi.

Yanzu sai in zo kan bayanan mai aiki, kuma a nan zan ba da labarin kaina, domin laifin nawa ne. Wata ƙungiyar masu shagunan magani a Kano ta ba ni aikin manhajar da za ta nuna wa mutum shagon da ya fi kusa da shi. Sun aika yara da wayoyi sun ɗauko lambobin kowane shago, suka kawo mini a jere. Kowane wuri a doron ƙasa lambobi biyu ne ke nuna shi: latitud, wato nisansa arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu, da lonjitud, nisansa gabas ko yamma daga layin Girinwich da ya ratsa birnin Landan. Kano tana wajen digiri 12 arewa, 8.5 gabas. Leaflet yana karɓar latitud da farko, amma tsarin ajiyar bayanai da ake kira GeoJSON, wanda kusan kowa ke amfani da shi, lonjitud yake sawa a gaba. Na zuba lambobin ba tare da na juya su ba. Ranar da na je nuna aikin, shugabannin ƙungiyar suna zaune an haska bango da majigi, na buɗe taswirar Kano, babu alama ko ɗaya. Na yi ta janyewa baya gumi yana keto mini, sai ga alamomin nan cunkushe wuri guda a kudancin jihar Adamawa, daf da Ganye, domin 8.5 arewa da 12 gabas can ne. Wani dattijo a cikinsu ya gyara tabarau ya ce, “Malam, yaushe muka buɗe reshe a can ba a gaya mini ba?” Aka yi dariya, na gyara a cikin minti biyar, amma na daɗe ina tunanin abin. Da a Turai ne ko Amurka, juya lambobin kan jefa alama cikin teku ko wata nahiya, a gane nan take. A arewacin Nijeriya lambobin biyu suna kusa da juna, don haka kuskuren yana iya sauka a cikin ƙasar, a wani gari na gaske, ya zauna lafiya ba wanda ya lura. Haka kuma duk wurin da aka manta ba a cike lambobinsa ba, wasu manhajoji kan ɗauke shi a matsayin sifiri da sifiri, alamar ta faɗa cikin tekun Atilantika kudu da Ghana. Tun daga ranar, kafin in ɗora kowane jeri nakan sa manhajar ta ƙi karɓar duk lambar da ta fita daga iyakar jihar da ake magana a kanta.

Wanda ya fi wannan wuya shi ne sunaye da adireshi. Taswirorin nan an gina su ne bisa tunanin cewa kowane gida yana da lamba, kowane titi yana da suna a rubuce a allo. Mu kuwa da kwatance muke rayuwa: bayan masallacin Juma'a, layi na biyu in ka wuce gidan mai, gida mai ƙofa kore kusa da mai shayi. Na zauna da wani mai Adaidaita Sahu da ke kai wa wani kanti kaya, na nuna masa alamar gidan da zai je a cikin birni, ya dube ta ya ce shi dai a ba shi lambar wayar mai gidan, domin taswirar ta nuna hanya ta wani lungu da ko babur sai an karkata. Gaskiyarsa ce, kuma tun daga lokacin duk manhajar da na gina nakan bar gurbin rubuta kwatance a ƙarƙashin alamar, in kuma ba mai amfani damar jan alamar da yatsa ya ajiye ta daidai ƙofar gidansa. Ghana ta gwada warware wannan da tsarin GhanaPostGPS a 2017, Google ma yana da nasa gajerun lambobin wuri, amma har yanzu ban ga wanda ya kira ɗan'uwansa a waya ya karanta masa lamba maimakon kwatance ba.

Akwatin bincike kuwa nan ne ake gane ko maginin ya san mutanen da yake yi wa aiki. Wanda ya rubuta Sabon Gari, na Kano yake nufi ko na Zariya? Tudun Wada akwai ta a Kaduna, akwai a Zariya, akwai a Gusau, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum mai wannan suna a jihar Kano. Nasarawa jiha ce, gari ne, kuma ƙaramar hukuma ce a cikin birnin Kano, wasu su rubuta ta da harafin s ɗaya wasu da biyu. Ɗambatta ana rubuta ta ta hanya uku ko fiye. Mai wayar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa zai rubuta Kofar Mata, bayanan kuma an ajiye su da Ƙofar Mata, sai manhajar ta ce babu wannan wuri, alhali ga marinar nan tun kakanni. Dole a koya wa akwatin binciken ya ɗauki k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ a matsayin abu ɗaya wajen nema, amma ya nuna sunan da rubutunsa na daidai. Sannan akwai garuruwan da sunansu a takarda daban, a bakin mutane daban: taswira ta ce Zinder, Bahaushe ya ce Damagaram, ta ce Sokoto, ya ce Sakkwato. OpenStreetMap tana da gurbi na musamman na sunan wuri da Hausa, kuma kowa yana iya buɗe asusu ya cike shi. Da ɗaliban sashen nazarin ƙasa na jami'o'inmu za su ɗauki wannan a matsayin aikin zangon karatu, kowa ya zana unguwarsu da sunayen da ake kiran lungunanta, da an rage mana rabin wahala.

Game da nauyi, magana ɗaya ce: a gwada manhajar a ƙaramar waya mai araha, a wurin da sabis ke rawa, ba a kwamfutar ofis ba. Hotunan tauraron ɗan'adam suna da kyan gani amma suna shan data fiye da zanen tituna, kuma alamomi dubu a shafi ɗaya sukan sandarar da waya, sai an dunƙule na kusa da juna su zama ɗigo ɗaya mai lamba wanda ke warwatsewa in an zuƙo. Ni ban ga dalilin da zai sa taswira ta buɗe da kanta ta cinye wa mutum data ba tun bai nema ba. A fara nuna masa jerin wuraren a rubuce, taswira ta jira sai ya taɓa.

Idan ana neman shaidar cewa darajar taswira tana cikin bayananta ne, yaƙi da cutar shan-inna a arewacin Nijeriya ya isa misali. Masu allurar rigakafi sun daɗe suna aiki da taswirorin da aka zana da hannu, waɗanda suka tsallake ƙauyuka da rugage da dama. Da aka koma zana matsugunai daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka kuma ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka, aikin da ƙungiyar eHealth Africa da ke Kano ta taka rawa a cikinsa, sai aka riƙa ganin wuraren da ba a shiga ba ƙuru-ƙuru. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Ba kyan fuskar manhaja ne ya taimaka a nan ba, mutanen da suka bi ƙauye-ƙauye suna tabbatar da suna da wuri ne.

Sai dai wannan ƙarfin nuna wuri daidai yana da hatsarinsa. A farkon 2018 an gano cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa, wadda ke nuna hanyoyin da masu amfani da ita suke gudu, ta fallasa fasalin sansanonin sojan Amurka a Afganistan da Siriya, ba tare da kowa ya yi niyyar haka ba. A yankin da ake fama da satar mutane don kuɗin fansa, taswirar da ke nuna gidan kowane abokin ciniki, ko gidajen waɗanda suka karɓi tallafi, ko makarantun kwana da adadin ɗalibansu, ba abin da za a buɗe wa duniya ba ne. Digiri ɗaya na latitud kimanin kilomita 111 ne, saboda haka lamba mai gurbi biyar bayan ɗigo tana nuna wuri da tazarar da ba ta fi mita ɗaya da ɗan kai ba, wato ƙofar ɗakin mutum. In aka rage ta zuwa gurbi biyu, sai ta koma nuna yanki mai faɗin kilomita guda, wanda ya wadatar ga mai son sanin inda matsala ta fi yawa. Ragewar kuma a uwar garke za a yi ta kafin bayanan su fita, domin duk abin da ya iso wayar mutum, ko an ɓoye shi daga ido, mai ɗan sani zai iya tono shi. Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma wanda ya tara bayanan inda mutane suke kwana ba zai ce ba ruwansa da ita ba.

Malam Edita, dalilin da ya sa na kawo wannan magana gidan jarida shi ne ku ma kuna cikin waɗanda taswira za ta yi wa amfani. Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, mu da muke nesa muna da 'yan'uwa a can mun yi ta karanta jerin sunayen unguwanni muna ƙoƙarin haɗa hoton a zuci, muna kiran waya ba ta shiga. Taswira ɗaya a shafin jarida, mai nuna inda ruwa ya kai, da gadojin da ba a bi, da wuraren da aka tsugunar da jama'a, da ta amsa tambayoyin dubban mutane. Amma irin wannan taswira in ta kwana biyu ba a sabunta ta ba, tana iya tura mutum hanyar da ruwa ya riga ya cinye. Don haka idan wata rana kuka yanke shawarar saka taswira a shafinku, ina ba da shawarar kowace alama ta ɗauki ranar da aka tabbatar da ita da kuma wakilin da ya tabbatar, a ware mutum guda a ɗakin labarai wanda gyaran ta yake wuyansa, a kuma rubuta a yarjejeniyar maginin wanda zai biya kuɗin tayil bayan shekarar farko, da kuma cewa bayanan mallakin jarida ne, za a miƙa su a tsarin da kowane magini zai iya buɗewa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani maginin manhaja, daga Kano.